Gadar da Jirgi Ya Bari: Wa Zai Taka, Wa Zai Riƙe?

Ranar 8 ga Mayu, 1974, wani jirgin kaya ya ratsa gadar Poughkeepsie da ke kan kogin Hudson a jihar Niyok ta Amurka. Bai jima da wucewa ba sai hayaƙi ya turnuƙe. Katakan da aka ɗora layin dogo a kansu sun sha baƙin mai na hana ruɓa shekara da shekaru, nan da nan wuta ta kama su. Masu kashe gobara suka hau, suka tarar bututun ruwan da aka tanada saboda irin wannan rana a bushe yake. Kamfanin Penn Central, mai gadar, ya riga ya karye tun 1970, har ya sallami masu gadin da ke lura da tartsatsi in jirgi ya wuce. Kafin a shawo kan wutar, wajen mita 200 na shimfiɗar gadar ya ƙone, ƙarafan layin sun lanƙwashe. Jirgi bai sake bi ta kanta ba.

Gadar ba ƙarama ba ce. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 2, tana tsaye mita 65 sama da ruwa. An buɗe ta a farkon Janairun 1889, kuma har zuwa 1924 babu wata gada a kan Hudson tsakanin birnin Niyok da Albany sai ita. Ta kanta gawayin Pennsylvania ke wucewa zuwa masana'antun arewa maso gabas, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu taragu dubbai ke ratsa ta a rana guda. Bayan gobarar ta yi shekara 35 a tsaye babu mai taka ta. Sai ranar 3 ga Oktoba, 2009, aka sake buɗe ta, wannan karon ga masu tafiya a ƙafa da masu keke, da sunan Walkway Over the Hudson. Yau mutane wajen rabin miliyan ke hawanta a shekara.

Wannan labari ne ake yawan kafa hujja da shi duk lokacin da wani gari ya dubi tsohuwar gadar jirginsa ya ce me zai hana a mai da ita hanyar mutane. Ina cikin masu ganin dabarar tana da kyau. Amma masu ba da labarin sukan tsallake shekaru 35 ɗin nan na tsakiya, alhali a cikinsu darasin yake.

Amurka ta cika da irin waɗannan gadoji ne saboda layin dogonta ya tsuke. A 1916 tsawonsa ya kai kusan kilomita 409,000. Yau ya ragu zuwa kusan rabin haka. Manyan motoci da manyan tituna suka ƙwace kaya, ƙananan motoci da jiragen sama suka ƙwace fasinja. Dokar Staggers ta 1980 ta sassauta wa kamfanonin jirgi, suka riƙa yar da layukan da ba sa kawo riba. Cire ƙarfen layi a tudu abu ne mai sauƙi, 'yan gwangwan ma za su biya kuɗi su kwashe. Gada kuwa tana nan inda take, a kan ruwa ko a kan rufin gidajen mutane, tana tsatsa.

Abin da ya faru a Poughkeepsie bayan gobarar ya nuna yadda gada marar mai ita take zama. Guntayen katako da ƙusoshi suka riƙa faɗowa kan titi da unguwannin da ke ƙarƙashinta. Conrail, kamfanin da ya gaji Penn Central, bai son kashe kuɗin gyara, bai kuma son kashe na rushewa, sai a 1984 ya sayar da ita ga wani mutum a kan dala ɗaya. Daga nan haraji ya taru ba a biya ba, fitilun da ke nuna wa jiragen ruwa inda ginshiƙai suke suka mutu, rundunar tsaron gaɓar ruwa ta riƙa cin tara babu mai biya. Duk wanda ya karɓi gada a dala ɗaya ya karɓi alhakin duk abin da zai faɗo daga kanta, kuma wanda ya sayar ya san haka sarai. Sai a 1992 wani mazaunin yankin, Bill Sepe, ya kafa ƙungiyar sa kai da nufin a buɗe wa jama'a gadar. A 1998 gadar ta koma hannun ƙungiyar. Sun yi shekaru suna ƙoƙarin yin aikin da hannunsu, da falanki da gudummawar maƙwabta, abin bai yi nisa ba. Gada mai kilomita 2 ta fi ƙarfin aikin gayya. Al'amarin bai motsa ba sai da ƙungiyar ta sauya shugabanci, ta nemo injiniyoyi, gidauniyar Dyson ta zuba kuɗi, gwamnatin jiha da ta tarayya suka shigo. Cikar shekara 400 da tafiyar Henry Hudson a kogin, wadda ta faɗo a 2009, ta ba 'yan siyasa ranar da suke son yanka zare, wannan ma ya taimaka ƙwarai. Aikin ya ci kusan dala miliyan 39.

Hujjar farko ta masu son irin wannan aiki ita ce ƙarfi: gadar da ta ɗauki jirgi, mutane da kekuna me za su yi mata? Akwai gaskiya a ciki, amma tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Taragon kaya guda na zamani a Amurka, in an cika shi, yana kai tan 130, nauyin mutum sama da 1,800 ke nan. Sai dai injiniya ba ya lissafi da tarago ɗaya, yana duba nauyin da ke kan kowace mita ta gada. Jerin irin waɗannan taragu na ɗora tan 7 zuwa 8 a kowace mita. Ƙa'idar gina gadar ƙafa a Amurka kuma ta ce a ɗauka mutane za su cika ta maƙil, wajen kilo 440 a kowace murabba'in mita. In faɗin shimfiɗar ya kai mita 7, kamar na Poughkeepsie, an haura tan 3 ke nan a kowace mita, kafin a ƙara nauyin kankaren da za a shimfiɗa a madadin katako, wanda shi ba ya sauka dare da rana. Taron jama'a yana da nauyin da ba a raina shi. A 1987, ranar bikin cikar gadar Golden Gate shekara 50, mutane kimanin 300,000 suka hau ta lokaci guda, har ɗan tudun da ke tsakiyarta ya miƙe. Abin da tsohuwar gadar jirgi ta huta da shi da gaske shi ne duka da girgiza: bugun ƙafafun kan jirgi, jan birki, da lanƙwasa da miƙewa sau dubbai da ke gajiyar da ƙarfe har ya tsage. Nauyin jikinta kuma yana kare ta daga irin rawar da sabuwar gadar Millennium ta Landan ta yi a 2000, wadda aka rufe kwana biyu da buɗewa saboda takun mutane na kaɗa ta, ba a sake buɗe ta ba sai 2002.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya rage na wancan ƙarfi. Tsofaffin gadojin nan da ƙusoshi masu kai biyu aka haɗa su, ana sa su da zafi a daddatse, faranti a kan faranti. Ruwa na shiga tsakanin farantan, tsatsa ta fara, ita kuma tsatsa tana kumbura ta ninka kaurin ƙarfen da ta ci sau da yawa. Mai duba gada zai ga gefen faranti ya yi ciki tsakanin ƙusa da ƙusa, ya sa guduma ya ƙwanƙwasa, ɓawon tsatsa ya zubo masa a hannu. Wani wurin ƙusar ta riga ta tsinke, fenti ne kaɗai ke riƙe da kanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Irin wannan dubawa ba a yin ta daga ƙasa da tabarau mai hangen nesa. Sai mutum ya rataya da igiya ya bi gaɓa gaɓa, masu nutso kuma su shiga ruwa su duba ko igiyar kogi ta rarake ƙasar da ke gindin ginshiƙai. A Poughkeepsie an yi sa'a. Tushen ginshiƙan manyan akwatunan katako ne da aka cika da kankare aka nutsar can ƙasan laka, katako kuwa in yana cikin ruwa iska ba ta taɓa shi yakan daɗe bai ruɓe ba. An kuma ƙara wa gadar ƙarafa a farkon ƙarni na 20 saboda jirage sun ƙara nauyi, wannan rarar ta yi amfani daga baya.

Ba kowace gada ke da wannan sa'a ba. Gadar Kinzua a Pennsylvania, mai tsayin mita 92, tana hannun hukumar wuraren shaƙatawa ta jiha, har an fara gyaranta, sai ranar 21 ga Yuli, 2003, guguwa ta zo ta kayar da 11 daga cikin hasumiyoyinta 20 cikin ƙiftawar ido. Bincike ya nuna ƙusoshin da suka ɗaure ƙafafun hasumiyoyin da tushensu sun daɗe da lalacewa. A 2011 an buɗe ragowar a matsayin wurin tsayawa a yi kallo, tarkacen da ya faɗi kuma an bar shi a kwance cikin kwarin. Tsohuwar gada ba ta jiran a gama muhawara a kanta.

Akwai kuma dattin da jirgi ya bari. Tsohon fentin gada akwai dalma a cikinsa, ba a kankare shi a bar ƙurar ta zuba a kogi. Sai an lulluɓe wurin an tattara ta. Katakan layi ma, saboda man da suka sha, ba a ƙona su ko a jibge su ko'ina. Waɗannan biyu kan cinye kaso mai tsoka na kuɗin aiki, kuma ba sa fitowa a zanen da ake nuna wa jama'a ranar taro.

To me ya sa ba za a rushe kawai a huta ba? Saboda rushewa ma kuɗi ce, wani lokaci ta fi gyara. A Poughkeepsie ƙiyasin da aka yi ya nuna sauke gadar daga kan kogin da jirage ke bi, da titi, da wani layin dogo mai aiki, da gidaje, zai fi mai da ita hanyar ƙafa tsada. A Ingila akwai misalin da ya fi wannan. Gadar Bennerley, tsakanin Derbyshire da Nottinghamshire, an gina ta a shekarun 1870 da wani irin ƙarfen ƙira da wutar yankan ƙarfe ba ta cin sa da kyau. Da aka rufe layin a 1968 aka nemi 'yan kwangilar rushewa, sai ya zama dole a kwance ta ƙusa bayan ƙusa, kuɗin ya yi yawa, aka ƙyale ta. Tsadar rushewa ce ta raya ta har zuwa 2022, lokacin da aka buɗe ta ga masu ƙafa da keke. Don haka duk wanda zai yi lissafin gaskiya kada ya gwada kuɗin gyara da sifiri. Ya gwada shi da kuɗin rushewa, ko da kuɗin gina sabuwar gadar ƙafa daga tushe, wadda a kan babban kogi babu ƙaramar hukumar da za ta iya ko mafarkinta.

Batun ƙasar da layin ya bi shi ne ya fi rikitarwa, kuma a nan Amurkawa suka yi wata dabara da ta cancanci a tsaya a kanta. Da yawa daga filayen da layin dogo ya ratsa ba mallakar kamfani ba ne kai tsaye. Izinin wucewa aka ba shi. Ranar da aka yar da layin a hukumance, izinin ya mutu, filin ya koma wa masu gonaki da gidajen da ke gefe, hanya mai kilomita ɗari ta kakkarye gida ɗari. A 1983 majalisar dokokin ƙasar ta yi wa dokar hanyoyin ƙafa ta ƙasa kwaskwarima, ta ce ana iya ajiye layin maimakon a yar da shi: wata hukuma ko ƙungiya ta karɓe shi, ta ɗauki nauyin haraji da alhakin haɗari, ta yi hanyar ƙafa da keke, da sharaɗin duk ranar da jirgi ya so dawowa za a ba shi wuri. Masu filaye suka kai ƙara. A 1990 Kotun Ƙoli, a shari'ar Preseault, ta ce dokar ta halatta, amma wanda aka hana wa filinsa komawa hannunsa yana iya neman diyya daga gwamnatin tarayya, kuma tun daga lokacin ana ta biyan irin wannan diyya. Ƙungiyar Rails-to-Trails Conservancy, wadda aka kafa a 1986, ita ta yayata wannan hanya, dokar sufuri ta 1991 kuma ta buɗe ƙofar kashe wani kaso na kuɗin tituna a kan irin waɗannan ayyuka. Ina ganin hakkin masu filaye gaskiya ne, ya kamata a biya su ba tare da ja-in-ja ba. Amma hanyar da aka share aka daidaita, aka huda mata duwatsu aka ɗora mata gadoji, in ta tarwatse ba ta sake haɗuwa. Riƙe ta a dunƙule ya cancanci abin da aka biya.

Masu kishin jirgin ƙasa suna da nasu ƙorafin, kuma ba na wasa ba ne. Sun ce alƙawarin dawowar jirgi a takarda yake kawai; da zarar jama'a sun saba da yawo a kan gada da yaransu, babu gwamnan da zai iya karɓe ta. Layukan da suka koma hannun jirgi bayan ajiya kaɗan ne ƙwarai. Hudson ɗin kansa shaida ne a gare su. Tun da gadar Poughkeepsie ta daina aiki, jirgin kayan da ke son tsallaka kogin ta kan gada sai ya hau arewa har Selkirk, kusa da Albany, wajen kilomita 225 daga birnin Niyok, sannan ya sake gangarowa. Wannan zagaye na cikin dalilan da suka sa kusan duk kayan da ke shiga birnin da tsibirin Long Island a bayan manyan motoci suke shiga, da hayaƙinsu da cunkosonsu. Asara ce ta gaske. Sai dai ba masu keke suka jawo ta ba. Kamfanonin jirgi ne suka karkatar da zirga-zirgarsu tun kafin gobarar, suka ƙi gyara bayanta, suka kuma cire layukan da ke kaiwa ga gadar. A 2009 zaɓin da ya rage shi ne tsakanin hanyar ƙafa da kango. Inda nake tare da su ɗari bisa ɗari shi ne inda layi ke da sauran numfashi: kada a kori jirgi don a yi wurin shan iska. A Memphis an nuna ana iya haɗa biyun. Gadar Harahan a kan kogin Mississippi har yau jirage na bin ta, a 2016 kuma aka buɗe hanyar ƙafa da keke a gefenta, inda dā kekunan doki da motoci ke bi, da shingen ƙarfe a tsakani.

Abin da ya fi raba aikin da ya yi albarka da wanda ya tashi a banza, a ganina, yana bakin gadar ne, can inda ta taɓa ƙasa. Layin dogo ba ya son hawa da gangara, shi ya sa hanyarsa ke da daɗi ga mai keke, da tsoho, da mai keken guragu. Amma wannan siffa ce ke sa gadar jirgi ta fara tashi tun daga nesa, ta wuce saman gari, ta sauka can bayan gari inda ba kowa. Gadar Big Four, tsakanin Louisville a Kentucky da Jeffersonville a Indiana, an datse mata hanyoyin hawa na gefe biyu an sayar wa 'yan gwangwan bayan jirgi ya daina bin ta a ƙarshen shekarun 1960, ta yi shekara arba'in da wani abu a tsakiyar kogin Ohio, ba ta taɓa ko'ina. Da aka tashi gyara, Louisville ta gina wata doguwar matakala marar tsani mai zagaye, wadda ke hawa a hankali har ta kai sama, aka buɗe a Fabrairun 2013. Ɓangaren Indiana bai kammala ba sai Mayun 2014. Sama da shekara guda mutane na takawa har ƙarshen gadar, su tarar da shinge, su juyo. Da aka buɗe ɗaya bakin, wanda ya sauka cikin tsohuwar kasuwar Jeffersonville, sai shaguna da gidajen abinci suka farfaɗo. A Poughkeepsie ma sai a 2014 aka kafa lifta mai tsayin bene 21 don mutumin da ke bakin kogi, kusa da tashar jirgin fasinja, ya iya hawa ba tare da dogon zagaye ba. An kuma haɗa bakunanta biyu da hanyoyin keke da aka yi a kan tsohon layin, yanzu tana cikin babbar hanyar Empire State Trail mai kilomita 1,200.

Duk da haka akwai abin da ke damuna game da gadar Poughkeepsie. Ana buɗe ta da safe, a rufe da faɗuwar rana, domin a doka wurin shaƙatawa ce. Ma'aikacin da ya tashi daga aiki bayan isha, ba shi da mota, ba ta da amfani a gare shi. Da yawa daga ayyukan nan an tsara su ne don mai zuwa yawon buɗe ido ranar Lahadi, an manta da mai zuwa aiki ranar Litinin. Wanda ya fi buƙatar gadar ƙafa shi ne marar mota, shi ne kuma ba a cika gani a taron tsara ta ba. Fitila, da buɗewa dare da rana, da share ƙanƙara lokacin sanyi, da layin da ya raba mai keke da mai tura jariri, da shinge mai tsayin da zai kare yaro ya kuma kare wanda baƙin ciki ya rufe wa ido, waɗannan su ne ke mai da wurin kallo ya zama hanya.

Dole a ambaci High Line ta birnin Niyok, ko da yake ita ba kogi ta ratsa ba, tsohon layin kaya ne da ke bi ta saman tituna. An buɗe kashinta na farko a 2009, bayan Faris ta riga ta yi irinta a 1993. Ta jawo miliyoyin baƙi, ta kuma jawo tsadar gidaje a kewayenta har ƙananan 'yan kasuwa da masu haya suka tashi. Robert Hammond, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa ƙungiyar da ta yi aikin, ya fito a 2017 ya amsa cewa ba su yi wa talakawan unguwar abin da ya kamata ba. Garin da zai yi irin wannan aiki ya tanadi kariyar masu haya tun kafin a kafa tubalin farko, domin bayan buɗewa farashi ya riga ya tashi.

Sai babbar magana, wadda ita ce ke kashe yawancin ayyukan bayan an watse daga biki: wa zai riƙe? Kuɗin gini ana samunsa sau ɗaya, daga gidauniya ko daga gwamnatin tarayya, kowa na son a ga sunansa a allo. Kuɗin fenti, da duba ƙarafa duk bayan 'yan shekaru, da inshora, da albashin masu gadi, kullum ake nemansa, kuma babu mai yanka zare a kansa. Gadar Newport zuwa Cincinnati, wadda aka fara buɗewa a 1872 aka mai da ta masu ƙafa a 2003, ta daɗe a hannun wani ƙaramin kamfani marar neman riba. A 2021 wani ƙaton dutse ya ɓalle daga ginshiƙinta, aka rufe ta watanni ana neman wanda zai biya gyara. Gadar duwatsu ta Minneapolis, wadda James J. Hill ya gina a 1883 aka buɗe wa masu ƙafa a 1994, ita ma bayan shekara talatin sai da aka sake kashe mata miliyoyin daloli don gyaran duwatsu da simintin da ke tsakaninsu. Bambancin shi ne ita ma'aikatar sufuri ta jiha ke da ita, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mutanen Poughkeepsie sun gane wannan da wuri. A 2010 suka miƙa jikin gadar ga hukumar gadoji ta jihar Niyok, wadda ke karɓar kuɗin wucewa a gadojin motoci na kogin kuma tana da injiniyoyinta, hukumar wuraren shaƙatawa ta riƙe shimfiɗar sama, ƙungiyar sa kai ta tsaya kan tara gudummawa da karɓar baƙi. A wurina wannan rabon aiki ya fi lifta da duk wani ado muhimmanci. Shi ne ya raba gadar da halin da ta shiga a 1984.

Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya cewa wannan zancen masu ƙoshi ne. Ban yarda ba, domin tambayar tana tafe gare mu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, siriri ne, kuma tun da aka buɗe sabon layi mai faɗi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 ake ta shimfiɗa irinsa a sabuwar hanya da sababbin gadoji. Ko ba daɗe ko ba jima wasu sassan tsohon layin za su zama ba a buƙatarsu. Mun taɓa ganin haka: ƙaramin layin Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957, aka cire ƙarafan, hanyar ta narke cikin gonaki da gine-gine. A garuruwanmu masu ƙafa da keke su ne mafi yawa, kuma duk wanda ya zauna kusa da layin dogo ya ga 'yan makaranta da mata masu tallace-tallace suna tsallaka gadar jirgi, suna taka katako ɗaya bayan ɗaya, ruwan damina na gudu a ƙarƙashinsu, babu abin dafawa. A wurinmu gadar ƙafa ba ta jiran baƙo, masu bin ta suna nan tun tuni. Ga kuma ɓarayin ƙarfe da ba sa barin abin da ba mai tsaro.

Ba ina cewa a taɓa gadojin da jirgi ke bi ko ake shirin farfaɗo da su ba. Waɗannan a bar wa jirgi, in da hali a yi wa mutane tasu hanyar a gefe da shinge. Maganata a kan waɗanda aka tabbatar an gama da su ce. Tun da gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, gwamnatocin jihohi su zauna da hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya su ƙidaya gadojin da ke yankinsu, a tura injiniyoyi su duba kowace, a rubuta a takarda wa ke da ita da wanda zai biya kuɗin kula da ita, a kuma hana sayar da filin layin gunduwa-gunduwa. A yi wannan tun ƙarafan na nan a wurinsu.